Gonar da aka shekara goma ana yi mata feshi: sai yaushe maganin zai bar ƙasa?

Tambaya

Assalamu alaikum. Ni da yayana mun haɗa kuɗi mun sayi gonar lambu mai kusan hekta ɗaya. Wanda ya riƙe ta kafin mu ya shekara goma yana noman tumatir da albasa, kuma maƙwabta sun ce kusan kowane mako sai ya yi feshin maganin fumfuna. Wata takwas ke nan da feshinsa na ƙarshe, huɗu gonar tana bushe, huɗu kuma ruwan sama ya sauka a kanta. A gefen rijiya, inda yake haɗa magani, na tsinci tarin ledoji an rubuta Mancozeb, Metalaxyl, Carbendazim, Difenoconazole da Copper oxychloride. Ina so in shuka wake da karas da salak, in kuma riƙa sakin tumakina su yi kiwo bayan girbi. Yayana ya kafe sai mun bar gonar shekara uku ba a taɓa ta ba, wai guba ta cika ta. Ni kuwa jarina duka yana ciki, har mun fara samun saɓani. Wai shin tsawon wane lokaci irin wannan magani yake yi a ƙasa?

Wani manomi

Amsa

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya wa gonar albarka, ya daidaita tsakaninka da yayanka.

Ba sai kun bar gonar shekara uku ba. Amma kada ka yi saurin zuwa ka ce wa yayanka ka yi gaskiya, domin tsoronsa yana da tushe, maganin da ya kawo ne bai dace da ciwon ba. Sunaye biyar ka karanto mana, kuma ba a taru an zama ɗaya ba: huɗu daga cikinsu suna ruɓewa, kowane da irin saurinsa, na biyar kuwa ba ya ruɓewa ko kun bar gonar shekara talatin.

Maganin feshi ba ya ɓacewa rana ɗaya, raguwa yake yi rabi-rabi. Shi ya sa masana ke auna daɗewarsa da wa'adin rabi, wato kwanakin da yake ɗauka kafin rabin abin da ya sauka a ƙasa ya lalace. Idan wa'adin kwana 30 ne, bayan wata guda saura rabi, bayan wata biyu saura kwata, bayan uku saura ɗaya cikin takwas, bayan wata biyar saura kamar kashi 3 cikin 100. Masu yin wannan aikin galibi ƙananan halittun ƙasa ne, bakteriya da fumfunan ƙasa, waɗanda ke cin maganin suna wargaza shi. Su kuwa ba sa aiki sai da laima da iska da ɗumi. Alƙaluman da ake bugawa yawanci an auna su ne a ƙasa mai laima a zafin digiri 20, kuma duk ƙarin digiri 10 yana ninka saurin ruɓewar sau biyu ko sama da haka. Amma da zarar ƙasa ta bushe ƙayau, aikin ya kusan tsayawa komai zafin rana. Hasken rana yana lalata na saman ƙasa kawai, bai kai ga wanda ya shige ciki ba. Saboda haka kada ka lissafa wata takwas. Lissafa huɗun da ruwa ya sauka, kwana 120 ke nan. Wannan dalilin ne kuma ya sa barin gona a bushe babu shuka ba ya wanke ta. Gonar da ake nomawa ana ba ta ruwa da taki ta fi ta saurin tsarkaka.

Mankozeb ba shi da daɗewa. Cikin 'yan kwanaki, da wuya ya wuce mako, rabinsa ya tafi, don haka na gonarku ya daɗe da ƙarewa. Sai dai yana ruɓewa ne ya bar wani sinadari da ake kira ETU, mai narkewa a ruwa, mai bin ruwa ya gangara ƙasa, wanda kuma an san yana taɓa ƙullutun wuya mai sarrafa sinadaran jiki. A saman ƙasa shi ma ba ya wuce kwanaki zuwa 'yan makonni, amma idan ya kai ruwan ƙarƙashin ƙasa, inda halittun da za su ci shi ba su da yawa, zamansa ya fi tsawo. Metalaksil ma yana bin ruwa kamar ETU. Wa'adin rabinsa yana kai wata guda zuwa biyu a yawancin ƙasa, amma yana narkewa sosai, lita ɗaya ta ruwa tana narkar da kusan gram 8, kuma ba ya manne wa ƙasa da ƙarfi. A ƙasar jigawa mai yashi, bayan damina guda, abin da bai ruɓe ba ya riga ya sauka ƙasa da inda saiwa ke kaiwa. Waɗannan biyun ba barazana ba ne ga shukarka. Rijiyar ce abin dubawa, za mu dawo kanta.

Kabendazim ya fi su naci. A wata gonar wa'adin rabinsa makonni ne, a wata kuma yakan kai wata shida har zuwa shekara. Yana da illa ta musamman ga tana, har ma shi ake amfani da shi a matsayin ma'auni idan ana gwada gubar wasu magunguna a kan tana a ɗakin bincike. Yana kuma danne wasu fumfuna masu amfani da ke zaune a jikin saiwa suna jawo mata fosforas da ruwa, waɗanda albasa ta dogara da su ƙwarai. Wani abin mamaki shi ne, a gonar da aka daɗe ana zuba shi, halittun da suka saba cin sa kan yawaita, sai ya riƙa ƙarewa da sauri fiye da a sabuwar gona.

Daifenokonazol, tare da danginsa da sunansu ke ƙarewa da irin wannan sauti, kamar tebukonazol da heksakonazol da efoksikonazol, su ne masu dogon zama a cikin waɗanda ke ruɓewa. Suna manne wa laka da ruɓaɓɓen taki a tafin hannu ɗaya na saman ƙasa, ba sa gangarawa sosai. Na daifenokonazol wa'adin rabinsa yana wajen wata uku zuwa biyar, na efoksikonazol kuwa yakan kusanci shekara. Ke nan akwai yiwuwar rabin na feshin ƙarshe yana nan a gonarku. Amma a dubi yawansa. A ɗauka an yi feshinsa sau huɗu a kakar ƙarshe, kowane feshi gram 125 na ainihin sinadarin a hekta, jimla gram 500. A ce rabi ya sauka ƙasa, sauran ganye ya tare. Ƙasar hekta ɗaya zuwa zurfin santimita 20 nauyinta ya kai kusan tan 3,000. Idan garma ta cakuɗa gram 250 a cikin wannan, kowane kilo na ƙasa bai samu ko kashi ɗaya cikin goma na miligiram ba, kuma rabin hakan ya riga ya tafi. Wannan ba adadin da zai hana wake tsiro ba ne.

Za ka ce to ai shekara goma aka yi ana zubawa, ba kaka ɗaya ba. Masu ruɓewa ba sa taruwa ba iyaka. Maganin da wa'adin rabinsa wata huɗu ne, ɗaya cikin takwas kawai yake ƙetarawa zuwa baɗi. Ko wanda nasa shekara guda ne cur, tarin yana tsayawa ne a ninki biyu na abin da ake zubawa a shekara, domin kullum ana ƙarawa ana kuma ruɓewa. Ba wai ƙasar ta koma fes ba ce. Wani bincike da aka wallafa a 2019 ya gwada samfurin ƙasa 317 daga gonakin ƙasashe 11 na Tarayyar Turai, ya samu ragowar maganin feshi a kashi 83 cikin 100, kuma magungunan fumfuna irin su boskalid da tebukonazol da efoksikonazol suna cikin waɗanda aka fi samu. Wani kuma na 2021 a Suwizalan ya samu ɓurɓushi a gonakin da suka shekara 20 da daina amfani da irin waɗannan magunguna. Wannan ya nuna cewa in burin yayanka shi ne a jira sai na'ura ta kasa gano komai, shekara uku ma ba ta isa ba. Abin tambaya shi ne ko ragowar ta kai ta yi lahani.

Yanzu sai na biyar, wanda shi ne ainihin batun gonarku. Wannan shuɗin ko koren garin da aka rubuta Copper a jikinsa, jan ƙarfe ne. Ƙarfe kuwa ba ya ruɓewa, babu halittar da za ta wargaza shi ya zama wani abu. Ruwan sama ya wanke shi daga ganye, ya manne a saman ƙasa, ya zauna. Abin da amfanin gona ke ɗauka a shekara bai kai rabin kilo a hekta ba, wanda ruwa ke gangarawa da shi ma kaɗan ne, sai dai zaizaya ta kwashe ƙasar ɗungurungum. Tun shekarun 1880 ake feshin jan ƙarfe a gonakin inabi na Faransa, kuma a yau akwai gonakin da ake samun ɗaruruwan miligiram a kilo ɗaya na ƙasarsu, alhali ƙasar da ba a taɓa yi wa feshi ba galibi ba ta wuce miligiram 'yan gomomi ba. Shi ya sa tun 2019 Tarayyar Turai ta ƙayyade kilo 28 na jan ƙarfe a hekta cikin shekara bakwai, wato kilo 4 a shekara.

Mu yi lissafin taku. Irin garin da ka tsinci ledarsa, kusan rabin nauyinsa jan ƙarfe ne zalla. Idan mutumin yana zuba kilo 2 a hekta a kowane feshi, sau takwas a shekara, ya zuba kilo 8 na jan ƙarfe ke nan, shekara goma kilo 80. A raba wa tan 3,000 na ƙasa, an ƙara kusan miligiram 27 a kowane kilo. Idan kuwa da fartanya yake aiki, ƙasar ba ta juyuwa fiye da santimita 10, sai ƙarin ya ninka ya wuce 50. Dokar Tarayyar Turai ta 1986 kan zuba dagwalon bahaya a gona ta sa iyakar jan ƙarfe a ƙasa tsakanin miligiram 50 zuwa 140 a kilo, ga ƙasar da tsaminta yake tsakanin 6 da 7 a ma'aunin pH. Ka ga gonarku tana iya kasancewa ƙasa da iyakar, tana iya kasancewa a bakinta. Zato ba zai raba gardamar nan ba, sai gwaji.

Kuma adadin kaɗai ba ya faɗin komai, sai an haɗa da irin ƙasar. A ƙasa mai laka da taki, wadda ba ta da tsami, jan ƙarfe a ɗaure yake, saiwa ba ta samun sa. A ƙasa mai yashi da tsami, pH ƙasa da 6, yana sakewa ya shiga ruwan ƙasa, sai ka ga saiwa gajera, mai kauri, ta yi duhu, ba ta da gashi, sababbin ganye kuma sun yi ɗorawa saboda ya hana shuka shan sinadarin baƙin ƙarfe. Tana ma tana guje wa irin wannan ƙasa.

Gwajin ƙasa don jan ƙarfe da tsami ba mai wahala ba ne, yawancin ɗakunan gwajin ƙasa suna yi, malamin gona zai nuna maka inda za ka kai. Ka bi gonar a karkace, ka ɗebi ƙasa wuri 15 zuwa 20 daga sama zuwa zurfin santimita 20, ka haɗa a bokitin roba mai tsabta, ka cakuɗa, ka cire rabin kilo. Kada ka yi amfani da abin ɗiba na tagulla ko jan ƙarfe, zai ɓata sakamakon. Ƙasar wurin haɗa magani kuma a leda daban. In ka cakuɗa ta da sauran, za ta sa duk gonar ta zama kamar mai guba. Gwajin sauran magungunan huɗu ya fi tsada, ba kowane ɗakin gwaji ke da na'urarsa ba, kuma yana buƙatar a zuba ƙasar a kwalba, a ajiye ta cikin sanyi, a kuma gaya musu sunayen da za su nema. A ganinmu ba lallai ba ne ga filin gonar, sai dai in mai sayen kayanku ya nemi shaida.

Akwai gwajin da za ka yi da kanka yayin da kake jira. Ka samu tukwane tara masu huji a gindi. Uku ka cika da ƙasar tsakiyar gona, uku da ta wurin haɗa magani, uku da ƙasa mai kama da taku daga inda ba a taɓa feshi ba. Ka shuka ƙwayar wake biyar a kowace, ka ba su ruwa iri ɗaya, amma ba na wannan rijiyar ba. Bayan mako huɗu ka zazzage, ka wanke saiwar a hankali, ka jera ka kwatanta tsawo da launi. Ka duba ƙananan ƙullutai da ke maƙale a gefen saiwa, ka fasa ɗaya: idan cikinsa ja-ja ne, bakteriyar da ke samar wa wake naitirojin tana aiki. Wannan gwajin yana nuna ko ƙasar za ta cutar da shuka ne kawai, ba ya nuna abin da ya shiga cikin amfanin.

A nan za ka iya ganin wani abu da muke ganin ya fi ragowar magani barazana ga shirinka. Idan saiwar ce da kanta ta kumbura ta yi gaɓa-gaɓa, kumburin ba ya ciruwa da farce, to tsutsar saiwa ce, wadda ido ba ya gani. Gonar da ta shekara goma tana ɗaukar tumatir da wuya a rasa ta, tare da cututtukan da ke sa shuka yaushi ta mutu a tsaye. Karas da salak da yawancin irin wake duk abincinta ne. Manoma da yawa kan ga shuka ta ƙi, su ɗora wa tsohon magani laifi, alhali tsutsa ce, ko gishirin da ruwan ban-ruwa ya tara, ko maganin ciyawa, wanda ragowarsa kan kashe shukar da ta biyo baya.

Saboda haka shawararmu a kakar farko ku sa hatsi, masara ko dawa ko gero, a mafi yawan gonar. Ƙwayar hatsi ba ta ɗaukar irin wannan ragowa sosai, kuma yana rage yawancin cututtukan tumatir. Wake kuma a wani yanki, idan tukwanen sun nuna lafiya. Karas da salak su jira kaka ta biyu: shi karas yana zaune ne cikin ƙasar, ɓawonsa yana jan magungunan da ke manne wa ƙasa, shi kuma salak ganyen ake ci, ƙasa tana fantsama a kansa. Kafin shuka ku yi huɗa mai zurfin santimita 20 don a tsarma na saman, ku zuba ruɓaɓɓen takin dabbobi tan 5 zuwa 10 a hekta. Takin yana ciyar da halittun da ke cin magani, yana kuma ɗaure jan ƙarfe. A yi hattara da kashin kajin gidan gona, domin akan sa jan ƙarfe a abincinsu. Idan gwaji ya nuna pH ƙasa da 6, wato ƙasar ta yi tsami, a zuba garin farar ƙasa na noma gwargwadon abin da ɗakin gwajin ya ce, a kai shi wajen 6.5. Kada a zarce, yawansa yana hana shuka samun zink da baƙin ƙarfe. Idan jan ƙarfen ya fito da yawa, ku daina feshin duk wani magani mai shi a gonar, ku riƙe taki da farar ƙasa a matsayin abin yi na kowace 'yan shekaru.

Inda yayanka ya yi gaskiya ɗari bisa ɗari shi ne gefen rijiyar. Wurin da aka shekara goma ana cika injin feshi, ana zubar da ragowa, ana wanke shi, yana iya ɗauke da ninkin-ba-ninkin abin da ke cikin gona, har yawan maganin ya kashe halittun da za su ci shi. Ku kewaye wurin da 'yan mitoci, kada a shuka abin ci, a bar ciyawa ta rufe shi. Ledojin a tattara da safar hannu, a ɗaure a buhu, a tambayi malamin gona ko dillalin magani inda ake karɓar su. Kada a ƙona, hayaƙinsu guba ne, kada kuma a binne kusa da ruwa. Ruwan rijiyar kada mutum ko dabba ya sha sai an gwada, a kuma ambaci metalaksil da ETU da jan ƙarfe ga masu gwajin. Tafasawa ba ta cire su. In za ku riƙa haɗa naku maganin, ku matsa aƙalla mita 30 daga rijiya, ku ɗauraye kwalba ko leda sau uku ku juye cikin injin, ruwan wankin injin kuma a fesa shi a kan shukar da aka yi wa feshi.

Tumakin kuwa ka dakata da su. A cikin dabbobin gida babu wadda jan ƙarfe ke yi wa illa kamar tunkiya. Yana taruwa a hantarta wata da watanni ba alama, sai rana ɗaya ta kwanta, ido ya yi ɗorawa, fitsari ya yi duhu, kuma da wuya ta tashi. Tunkiya tana kiwo ne dab da ƙasa, tana haɗiyar turɓaya tare da ciyawa, musamman bayan girbi da fili ya yi ƙwal. Har sakamakon gwajin ya fito, ka yanko musu karan da harawar ka kai musu waje, ka karkaɗe ƙasar da ke jiki. Idan sakamakon ya nuna jan ƙarfe ya haura, ka nuna wa likitan dabbobi takardar kafin ka sake su, wurin rijiyar kuma kada su kusance shi ko da sauran gonar ta fito lafiya.

Ka je wa yayanka da tukwanen nan tara da takardar gwajin, ku duba tare, kuma zai fi kyau ya kasance yana wurin tun ranar ɗibar ƙasar.